Fayil ɗin da ka saba da shi ya ƙaura: yadda gidajen Linux ke sauya saitin sadarwa ba tare da katse wa mutane layi ba

Tun da wa'adin CentOS 7, wani tsarin Linux daga gidan Red Hat, ya cika a ranar 30 ga Yunin 2024, masu kula da kwamfutocin makarantu, cibiyoyin jarrabawa da ƙananan ofisoshi a Kano suka shiga aikin ƙaura, kuma kukansu kusan ɗaya ne. Mutum ya ɗora sabon zubi, ya nufi fayil ɗin da ya saba rubuta adireshin sadarwar injin a ciki, ya tarar da wurin wayam. Wani kuma ya rubuta saitinsa tsaf, injin ya yi biris da shi. Da kamfanin Red Hat ya fitar da zubi na 10 na Linux ɗinsa, RHEL 10, a watan Mayun 2025 ba tare da tsohon tsarin saitin sadarwa ba gaba ɗaya, sai maganar ta sake tashi. A shagunan gyara na Beirut Road da Farm Centre za ka ji ana cewa, "Mutanen Linux ɗin nan ba sa samun barci sai sun taɓa abin da ke aiki."

Shin haka ne? In kuma canjin dole ne, ta yaya ake yin sa har injin da aka saita shekara goma da suka wuce ya kwana ya tashi yana kan layi?

Wane fayil ake magana a kai?

Linux ba kamfani ɗaya ba ne. Ƙwayar tsarin, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ita ce ke magana da katin sadarwa kai tsaye, amma ba ta riƙe komai a ka. Ka kashe injin, ta manta adireshin da ka ba ta. Saboda haka kowane gida da ke harhaɗa Linux ya raba wa jama'a, irin su Debian, Ubuntu, Fedora da Red Hat, sai ya tanadi fayil da za a rubuta saitin a ciki, da kuma manhajar da za ta karanta shi duk lokacin da injin ya tashi. Abin da ke ciki ba shi da yawa: wane kati, wane adireshin IP, ta wace ƙofa za a fita zuwa intanet, wa za a tambaya in ana neman sunan shafi.

A gidan Debian fayil ɗin shi ne /etc/network/interfaces, mai karanta shi kuma ifupdown. A gidan Red Hat da 'ya'yansa kuwa, a da kowane kati yana da nasa fayil a /etc/sysconfig/network-scripts/, mai suna kamar ifcfg-eth0. Duk wanda ya koyi aikin saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, kafin 2017, da ɗayan waɗannan biyu ya buɗe ido.

Me ya sa ba a bar su yadda suke ba?

Domin an yi su ne don injin da ke zaune a ɗaki ɗaya, da kebul ɗaya, ba ya motsi. Tsohon tsarin yana aiki ne kamar mai gadin da ke buɗe ƙofa da asuba ya koma ya kwanta: ya saita katin sau ɗaya, shi ke nan. Ɗalibin Jami'ar Bayero kuwa da safe yana kan Wi-Fi na makaranta, da rana ya jona da wayarsa, da dare ya saka kebul a ɗakin abokinsa. Irin wannan yawo ne ya sa Red Hat ya fara NetworkManager a 2004, manhajar da ba ta barci, tana lura da kowane cire kebul da mayarwa. Daga baya, a 2014, wata manhajar saita sadarwa, systemd-networkd, ta zo don sabobi. Sai kuma injinan haya na intanet, waɗanda ake ƙirƙira dubu a kashe dubu a yini ɗaya, babu mai buɗe fayil ɗinsu da hannu.

Akwai kuma gajiyar masu gyara. Tsohon fayil ɗin ifcfg bai san wasu sabbin abubuwa ba, kamar WireGuard, wata hanyar haɗa injina a asirce ta intanet. Duk sabon abin da aka ƙara wa NetworkManager sai an zauna an ƙirƙiro yadda za a rubuta shi a tsohon salo, a gwada, a riƙa gyarawa. Aiki biyu ne kan mutum ɗaya. Wanda ya ce canjin son zuciya ne kawai bai yi musu adalci ba.

Inda gizo ke saƙar

Da a ce fayil ɗin jerin lambobi ne kawai, da an fassara shi zuwa sabon salo cikin dare ɗaya ba wanda ya sani. Matsalar ita ce mutane sun cusa rayuwarsu a ciki.

A fayil ɗin Debian akwai layukan da ke farawa da up, pre-up ko post-up. Duk umarnin da ka rubuta a gabansu, injin zai aiwatar. Wani ya saka dokokin katangar tsaro a nan. Wani ya saka umarnin da ke karkatar da kwamfutocin ɗakin jarrabawa ta layi na biyu in na farko ya faɗi. Wani ya kira wani rubutaccen umarni da wani injiniya ya bari shekara takwas da suka wuce, shi kuwa injiniyan yanzu yana Abuja ko Dubai, lambarsa ma ba ta shiga. Babu manhajar fassara da za ta iya sanin nufin kowane irin wannan layi. Za ta iya ɗauko adireshi da ƙofar fita, amma ba za ta iya ɗauko dabarar da ke kan mutum ba. Haka ma a gidan Red Hat, inda ake da al'adar ajiye ƙarin umarni a /sbin/ifup-local.

Ba mutane kaɗai ke taɓa fayilolin ba. Manhajojin da ke saita injina da yawa lokaci guda, kamar Ansible da cloud-init, da allunan kula da shafukan intanet, duk an koya musu su rubuta a wani takamaiman wuri. Ka ɗauke wurin, su ci gaba da zuba wasiƙa a akwatin gidan da aka tashi.

Sai sunan katin kansa. Shekara da shekaru katin farko sunansa eth0, na biyu eth1. Amma a injin da ke da kati biyu, wanda ya riga farkawa shi ke karɓar sunan farko, har yau ka ga layin waje ya zama na ciki. A farkon 2013 zubi na 197 na systemd, manhajar da ke tayar da injin ta kula da ayyukansa, ya kawo sunaye da ke bin mazaunin katin a jikin injin: eno1 ga wanda aka haɗa da allon uwa, enp2s0 ga wanda ke layi na 2, gurbi na 0. Maganin ya yi, sai dai duk fayil ɗin da ke cewa eth0 ya zama yana kiran wanda ba ya nan. Ko sabon sunan ma ba dutse ba ne. Ƙara wani kati a injin yana iya tura lambar gaba, enp2s0 ya wayi gari enp3s0.

Abin da ya raba wannan da kowace irin sabuntawa kuwa shi ne, in manhajar rubutu ta lalace, sai ka sauko da gyara. In sadarwa ta lalace, hanyar sauko da gyaran ce ta tafi. Makullin yana cikin ɗakin da aka kulle.

Mun taɓa ganin irin wannan a aljihunmu

Mutumin Kano ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ke faruwa in aka sauya tsari ba a ba tsohon lokaci ba. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1000, ya sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Sabbin ba su wadata ba, tsofaffin an ce ba a karɓa. Kowa ya tuna layukan bakin banki da yadda ciniki ya tsaya a Kantin Kwari da Singa. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsoho da sabo su ci gaba da tafiya tare, sannan aka numfasa.

Abin da gidajen Linux masu hankali ke yi ke nan tun daga farko: su bar kuɗi biyu suna yawo, su daina buga tsohon, su yi ta shela, sai an daɗe sannan su janye shi. Bambancinsu yana wajen tsawon lokacin da kuma wanda aka ɗora wa wahalar.

Red Hat: janyewa a hankali

A ganina nan ne aka fi yin abin da tsari. NetworkManager ya daɗe yana karanta tsofaffin fayilolin ifcfg, har mutane da yawa ba su san cewa mai karatun ya sauya ba. A RHEL 8 na 2019 aka ayyana tsofaffin rubutattun umarnin da ke karanta fayilolin a matsayin masu barin gado, aka daina ɗora su kai tsaye, amma ifup da ifdown, umarnin kunna kati da kashe shi, ba su ɓace ba. Ka buga su yadda ka saba, a bayan fage NetworkManager ne ke amsawa. Yatsun injiniya ba su san an yi canji ba.

A RHEL 9 na 2022 aka ƙara taku ɗaya. Duk sabon saiti yana tafiya /etc/NetworkManager/system-connections/ a sabon salo, amma in akwai tsohon fayil, ana karanta shi. A tsohon wurin kuma aka bar ɗan fayil na bayani da ke nuna inda aka koma, kamar ɗan kasuwar da ya tashi daga shago ya manna takarda a ƙofa. Aka ba da umarni guda, nmcli connection migrate, mai kwashe tsofaffin ya mayar da su sabon salo. Sai a RHEL 10 aka rufe ƙofar. Daga gargaɗin farko zuwa rufewa shekara shida ke nan, kuma wanda ke kan zubi na 9, ko AlmaLinux da Rocky Linux da ke bin sawunsa, yana da har 2032.

To me ya sa namu suke kuka? Domin da yawa sun yi tsalle ne daga CentOS 7 na 2014 kai tsaye zuwa na yau. Duk shelar da aka yi a tsakani ta wuce su.

Ubuntu: an kawo tafinta

Kamfanin Canonical ya bi wata hanya. Daga Ubuntu 17.10, sannan 18.04 mai dogon wa'adi, ya kawo Netplan. Kai ka rubuta abin da kake so a /etc/netplan/, shi kuma ya fassara wa ko dai systemd-networkd ko NetworkManager. Hikimar ita ce gobe in an sauya mai aikin, rubutunka yana nan. Injinan da aka ɗaga zuwa sabon zubi daga 16.04 ba a taɓa musu ifupdown ɗinsu ba, sabbin ɗorawa ne kawai suka zo da Netplan. A sabbin ma an bar 'yan layuka a tsohon fayil ɗin suna cewa an koma wuri kaza, ga kuma yadda za ka dawo da tsohon in ka matsa.

Kuɗin da aka biya shi ne ƙarin mataki tsakaninka da injin, da kuma salon rubutu na YAML, wanda tazarar farkon layi ke da ma'ana a cikinsa, kuma ba ya karɓar maɓallin Tab. Na ga ƙwararru suna zufa a kan tazara biyu.

Ni ma na sha nawa. Wata ranar Alhamis bayan sallar isha'i ina gida a Hotoro, na shiga sabar wani ɗan kamfani da ke Sharaɗa daga nesa don in sauya mata adireshi. Na kwafo saitin daga wani injin, na buga netplan apply, allon ya daskare. A can katin sunansa enp3s0, a nan eno1. Ba laifin kowa ba ne sai nawa. Na tari adaidaita sahu na ratsa gari, na tarar da ƙofa a garƙame.

"Baba, sannu da aiki. Don Allah a buɗe min ɗakin kwamfuta, minti biyar kawai."

"Yaro, ai makullin yana wajen manaja, shi kuwa ya tafi Wudil ɗaurin aure. Wuta ce ta kama?"

"A'a, Baba, harafi huɗu na rubuta ba daidai ba."

Ya haska ni da tocila, ya girgiza kai, ya ba ni benci. Sai da hantsi aka buɗe, gyaran bai kai minti ɗaya ba. Abin takaicin, akwai netplan try, wanda ke gwada sabon saiti ya jira ka tabbatar, in daƙiƙa 120 suka wuce bai ji daga gare ka ba ya mayar da na da. Na san da shi. Gaggawa ce ta hana.

Debian: tsohon gida ba a rushe shi

Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, bai ɗauke fayil ɗinsa ba har yau. Ƙa'idar gidan ce cewa sabuntawa ba za ta shafe gyaran da mai injin ya yi wa fayil ɗin saiti ba. A kwamfutar tebur NetworkManager yana aiki, amma duk katin da ya gani an ambata a /etc/network/interfaces sai ya janye hannunsa. Wasu ma sun sake ƙera mai karatun suka bar fayil ɗin: ifupdown2 na gidan Proxmox, da ifupdown-ng na gidan Alpine. Da sunayen kati suka sauya a Debian 9 na 2017, sabbin ɗorawa kaɗai abin ya shafa.

Wannan ma ba kyauta ba ne. Tsohon gida yana tsaye ne a kan ginshiƙan wasu, kuma a 2022 ƙungiyar ISC ta daina kula da manhajarta ta karɓar adireshi kai tsaye, wadda ifupdown ya daɗe yana jingina da ita. Ko ba ka so canji ba, ƙasan da kake tsaye a kai tana motsi.

Fayil ɗaya, masu gida uku

Yawancin abin da ake kira "sabuntawa ta ɓata min sadarwa" ba ɓacewar fayil ba ne, rikicin mallaka ne. Misalin da ya fi kowanne shi ne /etc/resolv.conf, fayil ɗin da ke cewa wa za a tambaya in ana neman sunan shafi. A da kai ke rubuta shi. Yanzu a Ubuntu, da Fedora tun zubi na 33 a 2020, mahaɗi ne kawai zuwa fayil ɗin da manhajar systemd-resolved ke samarwa, shi ya sa kake ganin adireshinta na cikin injin, 127.0.0.53, a ciki. An bar sunan da wurin don tsofaffin manhajoji su ci gaba da samun abin da suke nema, wannan kuwa dabara ce mai kyau. Amma yaron shago ya bi wani bidiyon YouTube na 2014, ya goge ya rubuta adireshin Google, 8.8.8.8, komai ya yi aiki, ya karɓi kuɗinsa. Aka ɗauke wuta, injin ya sake tashi, rubutun ya tafi.

A nan ne yanayinmu ya bambanta da na waɗanda ke tsara waɗannan abubuwa a Turai da Amurka. Sabarsu tana iya yin wata da watanni ba a kashe ta ba, kuskuren saiti ya kwanta shiru. Tamu tana mutuwa ta farfaɗo tsakanin wutar gari, janareta da batirin sola, wani lokaci sau uku kafin azahar. Duk abin da ba a rubuta a inda ya dace ba, ranar zai tona kansa. Wani ya ce wannan masifa ce. Ni ina ganin gara haka, domin aibin yana fitowa tun mai gyaran bai yi nisa ba.

Masu 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ma sun ɗanɗana a watan Oktoban 2023, lokacin da tsarinsa ya koma NetworkManager, dubban darussan da ke cewa a gyara /etc/dhcpcd.conf suka zama tsohon zance.

Wa ke da gaskiya?

Masu riƙe da tsoho suna kafa hujja da dokar da Torvalds ya daɗe yana tsaye a kai, cewa canji a ƙwayar Linux bai kamata ya karya manhajar da ke aiki ba. Suna tambaya, in ƙwaya ta iya, me ya hana sauran? Masu son sabo suna cewa kowane tsohon salo da aka riƙe nauyi ne a wuyan 'yan mutane kaɗan, da yawansu masu sa kai, kuma wanda ke ihu a bar masa tsohon ba ya zuwa taya gyara.

Nawa ra'ayin yana tsakiya amma ya karkata. Na yarda a sauya, har a janye tsohon daga ƙarshe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shiru. Injin da ya ga fayil ɗin da ba zai karanta ba ya kamata ya faɗa da babbar murya tun kafin a fara ɗaga shi, ko ma ya ƙi ci gaba. Netplan ya yi daidai da gateway4, tsohuwar kalmarsa ta nuna ƙofar fita: ya ci gaba da karɓar kalmar, yana gargaɗi duk lokacin da ya gan ta cewa a koma sabon salon. Sabon fayil ɗin NetworkManager kuwa, in ba ka taƙaita izininsa ga asusun shugaban injin (root) kaɗai ba, sai a tsallake shi, bayanin yana can cikin rajistar da sabon shiga bai san ana dubawa ba. Dalilin tsaro ne, tunda kalmar sirrin Wi-Fi na iya kasancewa a ciki, amma mutum yana iya ɓata yini a kai.

Abin da ya rage wa mai injin a Kano

Wanda ke amfani da Ubuntu ko Linux Mint a kwamfutar cinya, yana danna alamar Wi-Fi, da wuya ya ji komai. Nauyin yana kan mai kula da saba, musamman wadda ba ya zaune kusa da ita, kamar ta cibiyar jarrabawa da ɗaruruwan yara za su zauna a gabanta da sassafe.

Kafin a ɗaga irin wannan injin, a fara sanin wa ke riƙe da katin: ifupdown ne, NetworkManager ne, ko systemd-networkd. A buga ip link a rubuta sunayen katunan a takarda, takarda ta gaske, domin ranar da ake buƙatarsu allon nesa ba ya buɗewa. A kwafe /etc gaba ɗaya a filasha. A bi tsohon fayil ɗin layi-layi a nemo umarnin da aka cusa, tunda su ne fassara ba ta ɗauka, a NetworkManager mazauninsu na yanzu /etc/NetworkManager/dispatcher.d/ ne. Wanda ya gaji da sunayen zamani yana iya dawo da eth0 ta hanyar ƙara net.ifnames=0 a layin tayar da injin, kodayake a injin mai kati biyu tsohuwar matsalar ce zai gayyato.

Masu AlmaLinux ko Rocky na 9 kuma, nmcli -f NAME,FILENAME connection zai nuna inda kowane saiti yake kwance. Duk wanda ya fito da network-scripts a hanyarsa, a yi masa ƙaura yanzu, da rana, ana zaune a gaban injin, manaja kuma yana gari da makulli a aljihunsa.